Ranar da Na'ura Ta Tono Ilu

Lauratu tana tsakar gida tana tsame dubulan daga mai, na garar wata amarya da za a kai ranar Asabar, sai Larai maƙwabciyarta ta faɗo ba ko sallama. Wannan kaɗai ya sa Lauratu ta ɗago kai. Shekara ashirin da ɗoriya suna katanga ɗaya a Ƙofar Mazugal, ba ta taɓa ganin Larai ta wuce zaure baki rufe ba.

"Lafiya, Larai?"

"Malam yana ciki?"

"Yana Kurmi tun safe. Me ya faru?"

Larai ta dubi 'yan matan da ke taya Lauratu murza ƙulli, ta ce su ɗan ba su wuri. Da suka fita ta tsuguna dab da murhu, har gefen mayafinta na neman taɓa wuta, ta ce, "Ki yi salati tukuna. Wai baban Ummi yana nan da ransa."

Lauratu ta ji maganar sarai, amma ta kasa gane ma'anarta. Mataci na hannunta, mai na ɗiga a ƙafarta, ba ta ji zafi ba.

"Wane baban Ummi?"

"Ilu. An ga hotonsa. Yanzu haka takardar tana rumfar Ashafa wanzami, mutane sun yi cincirindo a kanta."

Ilu shi ne mijin Lauratu na fari. Kofur ne a soja, direban wani babban hafsa. A zamanin mulkin soja aka wayi gari an kama hafsan da zargin shirya juyin mulki, aka bi duk wanda ya taɓa buɗe masa ƙofar mota. Sau uku sojoji suna zuwa gidan nan suna zazzage ɗakuna, har mahaifin Ilu suka tafi da shi ya kwana biyu. Bayan mako shida wani abokin aikin Ilu ya zo da agogonsa da hularsa, ya rantse a zaure gaban dattawa cewa an harbe shi a hanyar kan iyaka, da hannunsa ya taya binne shi. Aka yi zaman makoki. Lauratu ta yi takaba da Ummi 'yar shekara biyu a bayanta. Bayan shekara huɗu dattawan gidan suka haɗa ta da Gwadabe, ɗan baffan Ilu, baduku a kasuwar Kurmi, don kada yarinyar ta tashi a wani gida. Shekara goma sha tara ke nan da auren, 'ya'yansu uku. Soja sun koma bariki, an yi zaɓe har sau uku, Ummi ta yi aure ta haihu. Ilu kuwa, sai a addu'a ake ambatonsa.

Kafin a kira azahar Gwadabe ya shigo. Mutum ne mai raha, ko faɗa yake sai ya ba ka dariya, amma ran nan fuskarsa ta yi fari fat kamar wanda ya tashi daga jinya. Bayansa Nazeer ne, ɗan yayarsa, magidanci mai 'ya'ya huɗu, injiniyan kwamfuta a wani kamfani da aka ba kwangilar kafa sababbin na'urori a filin jirgi. Gwadabe ya miƙa wa Lauratu takardu uku da suka sha hannu har sun yi laushi.

Ba ta buƙaci karanta komai ba. Hotuna biyar ne a jere, ƙanana, duk na mutum ɗaya. Ya tsufa, gemunsa ya yi fari, kumatunsa sun zurma. Amma ga tabon nan a girar hagu, inda ƙarfen mota ya taɓa yankarsa, ga kunnen nan da ya ɗan karkace. Ta zauna a kan turmi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," kawai take maimaitawa.

Gwadabe ya juya ga Nazeer. "Gaya mata abin da ka gaya min. Kada ka rage komai."

Nazeer ya durƙusa. Ya ce na'urorin da kamfaninsu ya kafa, duk baƙon da ya sauka daga wata ƙasa sai ya ɗora yatsunsa goma a kan gilashi, a ɗauki hotonsa, a rubuta abin da ya kawo shi da gidan da zai sauka. Duk wannan yana shiga rumbu ɗaya ya zauna. Shi aikinsa gyara ne idan na'ura ta tsaya. Jiya yana gwada wata bayan ya gyara ta, sai ya buga sunan unguwarsu, don kawai ya ga ko tana aiki.

"Wallahi, Inna, ban nemi kowa ba. Sai ga sunan gidan nan ya fito. Gidan Malam Haruna Baduku, Ƙofar Mazugal. Sau biyar a shekara biyu, mutum ɗaya, da fasfon Chadi. Na duba hoton, sai na ga kamar Kawu Ilu. Ina ɗan shekara goma sha biyu lokacin da abin ya faru, ban yarda da idona ba. Na ce kafin in tayar muku da hankali bari in nuna wa wanda ya san shi sosai."

"Sai ka kai wa wanzami," in ji Gwadabe. "Duk garin Kano ba ka ga wanda za ka kai wa ba sai mai rumfa a bakin titi."

"Baba Ashafa ne yake masa aski tun yana yaro, Kawu. Na ja shi gefe. Yana gani ya ƙwalla salati, ya saki aska. Kafin in karɓe takardar wani ya fizge. Da ƙyar na same ta, kuma an riga an kai shagon hoto an buga wasu."

Lauratu ta sa ya karanta mata, don Turancinta bai wuce na firamare ba. Nazeer ya karanta. Sunan da ke fasfon Ilyas Adam. Ranar da ya sauka kowane zuwa, da awa, da ranar da ya koma. Sunan matarsa a Njamena. 'Ya'ya biyar. Lambar wayarsa ta can da ta nan. Da ya zo shafi na uku sai ya tsaya.

"Karanta," in ji Lauratu.

"Takardar likita ce, wadda ya nuna a zuwansa na farko. Ciwon daji ne na mafitsara. Magani yake zuwa karɓa."

"Wannan ma an buga?"

Nazeer ya sunkuyar da kai.

Lauratu ta dube shi, ta dubi takardun. Ita da ta zauna da mutumin nan shekara huɗu a ɗaki ɗaya ba ta san yana numfashi a duniya ba, amma yanzu mai sayar da rake a bakin titi ya san sunan matarsa da cutar da ke cikin mararsa. Ta rasa wanne ya fi girgiza ta, dawowar mamaci ko wannan.

"Yanzu kai, Nazeer, duk wanda ya sauka a filin nan, kana iya ganin nasa haka?"

"Ni da wasu mu kamar ashirin, Inna. An hana mu dubawa ba dalili. Amma na'urar ba ta hana mu."

Kafin la'asar gidan ya cika. Mata suna shigowa ba su san ko barka za su yi ba ko jaje, sai su zauna suna kallon Lauratu ta gefen ido. Ummi ta zo a Adaidaita Sahu daga gidanta, ba ta ko ɗaure ɗankwali daidai ba. A hanya direban da kansa ya ba ta labarin, bai san 'yar mutumin ya ɗauko ba. Ta karɓi hoton ta ƙura masa ido, ta ce, "Hancina ne," sannan ta fashe da kuka.

Abin da Lauratu ba ta kai ga tunawa ba, gari ya tuna mata. Washegari Gwadabe ya dawo daga sallar azahar bai ci abinci ba. Da ta matsa masa ya ce wani dattijo ya tare shi a ƙofar masallaci gaban jama'a, ya tambaye shi a matsayin me yake zaune da matar yayansa alhali yayan yana raye. Da yamma ƙaramin ɗansu ya dawo daga Islamiyya da riga a yage, ya yi dambe da wani da ya faɗa masa wata kalma a kan haihuwarsa. Uwar amaryar da ta ba da aikin gara ta aiko a ba ta kayanta haka nan, wai za ta ƙarasa a wani wuri.

Lauratu ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Shekara goma sha tara. Ta dubi gadon, ta dubi buzun sallar Gwadabe da ke rataye, sai ta ji kamar ɗakin wani ta shigo.

Gwadabe ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba. Tun jiya bai tsallaka dokin ƙofar nan ba.

"Tashi mu je wurin Liman," ya ce. "Gara mu ji daga bakin mai ilmi."

Malam Abdulmalik, limamin unguwa, ya saurare su a soronsa har suka gama. Ya ce da farko su kwantar da hankali a kan 'ya'ya: 'ya'yan halal ne, ba mai ja a kan haka, domin an yi auren bisa shaidar mutuwa da kowa ya gaskata. Babu zunubi a kansu ko kaɗan. Amma igiyar auren kanta, tunda mijin farko ya bayyana bai kuwa saki ba, malamai sun yi maganganu a kai, kuma shi ba zai so su zauna cikin kokwanto ba.

"A nemo shi," in ji Liman. "Idan ya sauwaƙe mata, ta yi idda, a sake ɗaura muku aure. Kafin nan ku nisanci juna." Sannan ya ƙara da cewa, "An kawo min takardar nan jiya. Ban karanta ba, na ce a mayar. Wanda ya ɓoye kansa shekara ashirin da uku yana da dalilinsa, ko mai kyau ko marar kyau. Ba ta wannan hanya ya kamata a ji ba."

Nemo shi bai yi wuya ba, wannan ma wani abin tsoro ne. Takardar ta nuna ya sauka kwana tara da suka wuce, bai fita ba tukuna. Ga lambar waya a rubuce. Gwadabe ya riƙe wayarsa ya daɗe yana kallon lambar.

"Mu ma ga shi za mu yi amfani da ita," in ji Lauratu.

"To ya za mu yi?"

Ya buga. Wayar a kashe. Ashe tun jiya mutanen unguwa suke ta kira, wasu don su gaisa, wasu don kawai su ji muryar wanda ya mutu. Sai Gwadabe ya bi ta wurin fataken Chadi da ke sayen fata a hannunsa, washegari kafin hantsi ya gano masaukin, wani gidan baƙi a Fagge.

Su uku suka je da safiyar Alhamis, Lauratu da Gwadabe da Ummi. Mai masaukin ya ce baƙon ya kulle kansa kwana biyu, ko asibiti bai je ba. Gwadabe ya ƙwanƙwasa ƙofar.

"Yaya, ni ne Gwadabe. Ba taro muka zo da shi ba. Mu uku ne."

An daɗe kafin sakata ta motsa. Ilu ya buɗe, ya koma ya zauna a kan katifa. Ya fi hoton ramewa. Jakarsa a ɗaure take a gefe, kamar mai shirin gudu. Ya dubi Gwadabe, ya dubi Lauratu sau ɗaya ya kawar da kai, sannan idonsa ya tsaya a kan Ummi bai ƙara motsawa ba.

"Wa ya turo ku?" Hausarsa ta ɗan karkace, ta ɗauko harshen can. "Soja ne?"

"Babu soja, Yaya. Shekara goma ke nan da tafiyarsu."

"To wa ya ba mutane lambata? Mutum arba'in sun kira ni. Wani ya ce min sannu da jiki, Allah ya sa kaffara ne. Ya ambaci sunan cutar. Ni ko matata ba ta san sunan cutar ba. Ce mata na yi fatauci nake zuwa."

Gwadabe ya zaro takardun daga aljihu ya miƙa masa. Ilu ya bi su shafi shafi. Ya ga fuskarsa sau biyar. Ya ga zanen yatsunsa. Ya ga sunayen 'ya'yansa. Bakinsa ya buɗe, ya kasa rufewa.

"Gilashin nan," ya ce a hankali. "Suka ce min don tsaro ne, don a gane 'yan ta'adda. Na ɗora hannu ina ta murna ba su tambaye ni komai ba. Shekara ashirin da uku soja da bindiga ba su same ni ba." Ya ɗaga takardar. "Waye ya fitar da wannan?"

"Nazeer ne, ɗan Yaya Dije. A can yake aiki. Ba da mugun nufi ya yi ba."

"Ɗan Dije. Wanda nake ɗauka a kafaɗa." Ya yi wata dariya marar daɗi. "To da mai mugun nufi ne fa?"

Sai Lauratu ta yi magana. Tun a hanya ta yi niyyar ba za ta ce uffan ba, amma maganar ta fito da kanta.

"Wanda ya kawo agogonka ya rantse ya binne ka."

"Ni na aiko shi, Laure."

Ta dafe bango. Duk kwanakin nan tana zaton kuskure ne, ko abokin ne ya yi ƙarya don kansa.

"Kai ka aiko shi?"

"Na ji sun tafi da Baba. Na san muddin ina raye ba za su bar gidan ba, kuma wata rana ke za su ɗauka. Na ce in na mutu za su huta, ku ma ku huta. Na yi niyyar in ƙura ta lafa in aiko da gaskiya. Ba ta lafa ba sai bayan shekara biyar. Na sa aka bincika min, aka ce an ɗaura miki aure da Gwadabe, har da ciki." Ya share fuska da tafin hannu. "In dawo in ce me? In rushe gida biyu? Na ce mamaci ya ci gaba da zama mamaci."

"Wata huɗu da kwana goma na yi a ɗaki saboda kai," in ji Lauratu. Muryarta ba ta tashi ba. "Babanka ya rasu yana yi maka addu'a a cikin matattu. Yarinyar nan duk sallar idi sai ta tambaye ni ina kabarinka."

"Na sani. Ba ni da abin cewa."

"To don me ka rubuta sunan gidanmu?" in ji Gwadabe. "Da ba ka rubuta ba, da ba wanda ya sani."

"Ma'aikaciyar ta ce sai na ba da adireshi, in ba haka ba na'urar ba za ta wuce gaba ba. Layi a bayana, ga fitsari ya matse ni. Ban san sunan ko masauki ɗaya ba a lokacin. Gida ɗaya na sani a Kano. Zuwa na biyu ba ta ma tambaye ni ba. Ina ɗora yatsa ta karanto min shi daga allo."

Ummi ta matso ta durƙusa a gabansa. Ba ta ce Baba ba, bakinta bai saba ba. Ta ce, "Sau biyar kana zuwa, ba ka taɓa neman ganina ba?"

"Na gan ki sau biyu. Na sa mai Adaidaita ya tsaya nesa da makarantar da kike koyarwa. Kina da jaka ruwan toka."

Ummi ta rufe fuska da mayafi.

Gwadabe ne ya faɗi abin da ya kawo su. Ya sha wuya kafin ya haɗa kalmomin, yana ta murza hularsa a hannu. Ilu ya saurara, ya gyaɗa kai. Aka kira mai masaukin da wani bafatake suka zama shaidu. Ilu ya nemi biro, ya rubuta saki ɗaya a bayan wata takardar magani, ya furta da baki. Da zai miƙa wa Lauratu bai dube ta ba.

"Ki yafe min, in za ki iya."

Ta karɓa. "Ba yau ba," ta ce. "Amma zan roƙi Allah ya ba ni iko."

Ranar Asabar ta tattara 'yan kayanta ta koma gidan yayarta a Ƙofar Na'isa, inda ta tashi. Mace mai jika, ta zauna idda a ɗakin da ta bari tun tana budurwa. Gwadabe yakan zo duk Juma'a da cefane, ya tsaya a zaure su gaisa ta bayan labule kamar masu zance. Ilu ya yarda ya je gida sau ɗaya, da rana tsaka, ya ga ɗakin mahaifinsa, aka raka shi maƙabarta. Unguwa ta fito kallo har kan katanga. Ashafa wanzami ya rungume shi yana kuka yana neman gafara. Mutane suna ta yi masa sannu da jiki, wasu har da kawo masa sassaƙe na ciwon mafitsara. Lauratu ta ji labari cewa duk wanda ya ce masa sannu, sai ya ƙara sunkuyar da kai.

Nazeer ya zo Ƙofar Na'isa a mako na uku. An dakatar da shi daga aiki, domin na'urar da ta adana Ilu ta adana shi ma: ranar da ya buga sunan unguwa, da minti, da sau nawa ya buɗe shafin. Ya rame. Ya ce ya zo ne ta yi masa duk hukuncin da ta ga dama.

"Abu ɗaya nake so," in ji Lauratu. "Ka sa a goge shi daga ciki. Sunan gidanmu, da takardar likitan, duka."

"Ba zai yiwu ba, Inna."

"Ko da shi mai abin ya roƙa?"

"Ko da ya roƙa. Ba a wuri ɗaya yake ba. Akwai a nan, akwai a Abuja, akwai a wurin kamfanin da ya ƙera na'urar a ƙasar waje. Ni kaina ban san iyakar inda yake ba."

"Har yaushe?"

"Ba a gaya mana ba."

Ta dube shi. Yaron kirki ne, ita ta yi wa matarsa wankan jego na 'yarsa ta fari. Bai yi sata ba, bai ci amanar kowa don kuɗi ba, gwaji kawai ya yi da sunan unguwarsu. Wannan ne ya fi ba ta tsoro.

"Tashi ka je," ta ce. "Ka je ka nemi gafarar kawunka Ilu kafin ya tafi. Ni nawa mai sauƙi ne."

Wata rana da hantsi yayarta ta aika a sayo mata daddawa a bakin kasuwa. Aka kawo a ƙunshe cikin takarda. Lauratu na warwarewa sai ga rabin fuskar Ilu, da tabon gira, da layi biyu na bayanin likita, mai ya jiƙa su. Ta saki ƙunshin ya faɗi ƙasa. Yayarta ta ɗauka ta duba, ta yi salati, ta jefa takardar a murhu. Daga baya suka ji cewa mai shagon hoton ya buga fiye da ɗari, da ciniki ya tsaya sai ya sayar da ragowar ga masu ƙunshi.

Ilu ya koma Njamena bayan ya gama karɓar maganin zagayen. Labari ya riga shi isa, fatake sun kai. Matarsa ta tare shi da kuka, ta ji cutarsa da tsohon aurensa da sunansa na gaskiya duk a rana ɗaya daga bakin wata maƙwabciya. Ya gaya wa Ummi a waya cewa sauran maganin a can zai nema, ko da bai kai na Kano kyau ba. Ummi ta roƙe shi har ta gaji. Ya ce ba fushi yake ba, amma ba zai iya sake tsayawa gaban gilashin nan ba. Sai ita ta yi fasfo, ta je ta yi mako biyu a wurinsa, ta dawo da hotunan ƙannenta biyar.

Da idda ta cika aka sake ɗaura auren Lauratu da Gwadabe a soron Liman, bayan sallar la'asar, mutum bakwai kacal. Gwadabe ya aiko da mota ta ɗauko ta, ya sa an yi wa ɗakin sabon fenti. Da ta sauka a bakin lungu, matan unguwa suka fito, Larai ta rangaɗa guɗa, wasu suka yi dariya, wasu suka share hawaye. Lauratu ta amsa gaisuwar kowa, amma ba ta tsaya ba. Ta lura har yanzu akwai masu yin shiru idan ta matso.

Ilu ya rasu bayan wata goma sha ɗaya. Wannan karon babban ɗansa na can ne ya kira Ummi, ya kuma sa ta yi magana da limamin da ya sallace shi. Gwadabe ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida kwana uku, aka karɓi gaisuwa. Lauratu ta dafa abincin sadaka da hannunta, ta zauna a cikin mata, duk wadda ta yi mata ta'aziyya ta amsa da amin.